Haƙoran Injin Lawali

A Ƙofar Rini kowa ya san Mode mai walda. Idan haƙoran injin niƙa suka cinye, shi ake kai wa. Yakan ɗiga narkakken ƙarfe layi bisa layi, ya jira ya huce, ya ƙara wani, har haƙori ya tashi kamar sabo. Haƙora biyar yake yi, ko takwas, kowanne daidai da injin mai shi.

Da kuɗin man fetur suka shigo, kayan inji na waje suka cika kasuwa da araha. Aka daina zuwa wurinsa. Sai ya koma yi wa wani ɗan kwangila ƙofofin ƙarfe. Gilashin da yake kare ido da shi wajen walda ya fashe, ɗan kwangila ya ce a ci gaba, zai kawo wani. Bai kawo ba. Cikin shekara uku idanun Mode suka yi fari, ya daina gani.

Bayan soja sun sake karɓar mulki, kayan waje suka ɓace. Wata safiya Lawali, mai injin niƙa a Kwalkwalawa, ya yi sallama da buhu a kafaɗa.

"Malam Mode, wata biyu ke nan inji na tsaye. Mata sun koma ga turmi. Babu inda ban tahi ba."

Lawali ya fito da ƙarfen haƙoran injin daga buhu. Mode ya karɓa, ya bi shi da yatsu. "Haƙori huɗu sun ci. Wanga aikin yini guda ne."

Matarsa Inno ta ce daga zaure, "Malam, ka bari."

"Riƙa min hannu kawai, ki aza shi inda na ce."

Ta runtse ido ta riƙa. Wuta ta yi tartsatsi. Da ya tsaya, ya jira ƙarfen ya huce, ya shafa. Ɗigon ya zuba a gefe, ya toshe ramin ƙusa. Ya sake gwadawa, abin ya ƙara lalacewa.

Ya tura wa Lawali ƙarfen.

"Lawali, ka yi haƙuri. Na ɓata maka."

"Ba komi, Malam. Da ma matacce ne," in ji Lawali. Ya mayar da ƙarfen buhu, sannan ya fita.

Inno ta kashe injin waldar. Ta ga hannun Mode ya ƙone wajen wuyan hannu, bai ma ji ba. Ta shiga ɗaki neman man shafawa.