Sunan da Ke Ƙasan Hoton

Ta buga littafin a kan tebur har shayin Kanar ya fantsama.

"Kai ka rubuta wannan?"

Tsohon sojan ya gyara tabarau. Shekara shida ya yi yana haɗa tarihin bataliyarsu, ba wanda ya taɓa kawo masa shi da faɗa. "Ni ne, Iya. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Shara take yi a maɗaba'ar da ta buga littafin. Ba ta iya karatu ba, amma hoto ba ya bukatar malami. Shekaranjiya tana kwashe shafukan da suka lalace, sai ga mijinta a bakin wata gada, riƙe da bindiga. Ta kai wa 'yarta ta karanta mata abin da ke ƙasa. Sunan wani ne can daban.

Ta danna yatsa a kan hoton. "Dubi kunnen hagu. Ƙofar ɗakinmu ce ta tsaga shi, ni na ɗaure masa. Shekara talatin da takwas ke nan da kuka aiko mini da takalmansa a kwali, kuka ce ya mutu. Ba gawa, ba kabari. Kullum Juma'a sai na goge su. Yanzu sunan ma kun ƙwace kun ba wani? Ka gyara, ko in kwana a ƙofar nan."

Kanar ya jawo littafin ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Iya, mu da lambar da soja ke ratayawa a wuya muke gane gawa. Wanda aka binne da lambar mijinki, shi aka rubuta ya mutu."

"To?"

"Wannan hoton ba daga rumbun soja na samo shi ba. Mai shi ne ya kawo mini da hannunsa, bara. Shi ya faɗa mini sunan." Ya ɗago ya dube ta. "Na ma tambaye shi kunnen. Ya ce harsashi ne."

Fankar sama na ta juyawa.

"Bara," ta ce daga baya.

"A kujerar nan ya zauna. Ɗansa ne ya kawo shi a mota."

Ita kuwa 'ya ɗaya ta haifa masa, mace.

Ta dubi kujerar. Ba ta zauna ba.

"In an zo bugu na biyu zan gyara," in ji Kanar a hankali.

"Kar ka taɓa komai. Wancan bawan Allah da ke kwance da sunan mijina, ya fi shi cancantarsa." Ta tura masa takarda. "Rubuta mini inda mai hoton yake. Manya-manya, yadda direba zai gane."

"Me za ki je yi, Iya?"

Ta naɗe takardar ta ƙulle a bakin zani.

"Takalmansa zan kai masa. Na gaji da gogewa."