Shafin Ƙarshe a Tsagar Bango

Duk Makarfi babu mai son littattafan Ma'u Gubuchi kamar ni, wanda kuma ya ce ya fi ni ya zo mu zauna. Matar nan idan ta sa aka sace mutum a shafi na uku, ba za ka san ɓarawon ba sai a layin ƙarshe. Ni kuwa sau huɗu ina cankar mai laifi kafin ta faɗa, kuma babu wanda ban ba labari ba a ajinmu.

Ranar Asabar da safe na kai gab da ƙarshen sabon littafinta, wanda a cikinsa aka sace wata ɗaliba daga makarantar kwana. Saura takarda ɗaya tak. Na riga na ɗora laifin a kan mai gadi, don mutumin kirki ba ya yawan tari haka. Ana cikin haka Inna ta aike ni ɗebo ruwa. Da na dawo littafin yana nan a kan tabarma, takardar ƙarshe ce babu.

Kakata Iya tana suyar ƙosai a ƙofar gida, can na nufa kai tsaye.

"Iya, kin ga takardar bayan littafin nan?"

"Takardar ƙunshi ce ta ƙare mini, na ga wannan tana reto," in ji ta. "Ai ɗaya kawai na cira, na bar miki duk sauran."

Wai ta bar mini duk sauran. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi birgima. Da ƙyar ta tuna cewa Malam Lawal ta ƙunsa wa, tsohon da ke koyar da karatu a zaurensa a bayan kasuwar hatsi.

A hanya ina leƙa kwata ina tona bola, raina a ɓace. Sai na tuna Ma'u ba ta rufe littafi sai da Alhamdulillahi, Malam kuwa ba zai taɓa yar da takarda mai sunan Allah ba. Na ƙara sauri.

Ina shiga zauren na hango ta a soke a tsagar bango, duk mai ya jiƙa ta. Na durƙusa na gaishe shi.

"Mukarrama ce? Ina kwana? Ya Iya, ya ƙafar tata? Ya mahaifinki, an gama cire masara?"

Na amsa. Ya tambayi yayana da ke Kudan, ya tambayi jaririn yayan nawa, har akuyarmu da ta yi ciwo bara sai da ya tambaya. Ni dai idona yana bango.

"Malam, dama waccan takardar na zo nema. Ta littafina ce."

Ya miƙa hannu ya zaro ta, ya warware a hankali, ya girgiza kai.

"Na karanta ina cin ƙosai. Allah sarki mai gadin nan, an zalunce shi. Ashe mai dafa abinci ce ta ɓoye yarinyar a rumbu."

Ban san lokacin da na zauna daɓas ba. Kwana uku ina bin sawun mutumin nan, a numfashi ɗaya Malam ya wanke shi, ya kayar da ni, ya cinye mini ƙarshen labari kamar yadda ya cinye ƙosan. Hawaye suka cika mini ido, ga shi ba a yi wa malami tsawa.

Ya miƙo mini takardar, sannan ya rage murya.

"Gobe ki ara mini sauran in duba. Amma don Allah kada ki gaya mini yadda ya fara, ba na son a ɓata mini labari."