Safayar Des

Glenys Harkin ta yi wa 'yarta alkawari, kuma ita ba ta magana biyu. Bayan an binne mijinta Des, 'yar tata Narelle ta zo daga birnin Adelaide da shirin tafiya da uwarta, suka yi ta ja-in-ja a kicin har shayi ya huce. A ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya. Glenys za ta ci gaba da zama a gidan gona da 'yan tumakin da suka rage, amma duk ranar da mota ta tsaya mata har sai da aka je aka ɗauko ta a hanya, to ta haɗa kayanta ta koma birni.

Narelle ba ta zaɓi mota a banza ba. Tsohuwar bas ce ƙarama, fara a da, yanzu ta rine da jar ƙasa, kuma a shekaru ta kusa zama sa'ar Narelle ɗin. Hanyar gari kuwa gargada ce da tsakuwa mai kaifi, tana cin taya kamar akuya ta samu dusa. A lissafin Narelle, ba za a ga ƙarshen bazara ba.

Sai dai Glenys ta ɗauki halin mijinta. Kowace Lahadi da safe takan shimfiɗa buhu a bayan motar, ta zura ƙarfe ta warware sarƙar da ke riƙe da safaya a ƙarƙashi. Ta auna iska, ta duba ko roba ta fara tsattsagewa, ta shafa wa sarƙar giris, ta mayar. A jikin wilin an rubuta DES da farin fenti, rubutun hannunsa, harafin farko a karkace. Kowa a yankin haka yake yi, don safaya ba ta zama wuri ɗaya. Ka ba wanda ka tarar a hanya, shi ya ajiye ta a gidan mai na mararraba, mai zuwa wajenku ya ɗauko ya jingine maka a ƙofar shinge. Tayar Des ta fi Des yawo. Tun rasuwarsa dai ba ta je ko'ina ba, kuma Glenys takan daɗe zaune a kan buhun tana ba ta labarin tumaki, tunda babu wani mai saurare a gidan.

Wata Alhamis tana dawowa daga gari da fulawa da ganyen shayi da tukunyar gas, sai ta hangi wata bas irin tata a gefen hanya, ta karkata gefe ɗaya. Wani ƙaton mutum na zaune a 'yar siririyar inuwarta yana korar ƙudaje da hula. Glenys ta taka birki.

"Sannu da hutawa," ta ce ta taga. "Nan ka zaɓa ka yi gida?"

"Wallahi, Gwaggo, wurin ya yi mini, maƙwabta ne babu."

Sunansa Wiremu, mai askin tumaki ne daga New Zealand. Gobe da sassafe za a fara aski a wata gona can gaba da mararraba, in bai isa ba a ba wani gurbinsa. Tayarsa ta baya ta yi kaca-kaca. Safayarsa tana kwance a ƙasa, lakwas, roba duk ta tsattsage.

"Yaushe rabonka da duba ta?"

"Gaskiya, Gwaggo, yau muka fara gaisawa."

"Da ganin ka an san tumaki sun fi ka hankali."

Ya yi dariya. Ita kuwa ta sunkuya ta dubi ramukan noti na wilinsa, tana fatan kada su yi daidai da nata. Suka yi daidai. Ta miƙe ta dubi hanya gaba da baya, babu ko ƙurar mota. Narelle ta faɗo mata a rai. Amma Des bai taɓa wuce mutum a hanya ba, kuma duk yankin babu wanda zai iya haɗa ido da jama'a bayan ya yi haka. Ta ɗauko ƙarfen ta warware sarƙar.

Wiremu ya murgina tayar, ya danna ta da babban yatsa, ya girgiza kai. "Tauri kamar dutse. Wane ne Des?"

"Mai tayar."

"To ki gaishe mini shi. Ki ce mai aski ya gode."

"Zai ji," in ji Glenys. "Ka bar ta a mararraba. Sun san inda za su kai ta."

Ya kama hanyarsa, ita ta kama tata. Ta karya kwana ta shiga hanyar gidanta tana lallaɓa motar, tana kauce wa kowane dutse. Ba ta kai rabi ba ta ji sitiyari ya yi nauyi, motar ta ja hagu, sannan ƙarar nan da ta sani sarai, faf-faf-faf.

Ba ta ruɗe ba. Ta tokare tayoyin baya da duwatsu, ta sassauta notuna tun motar tana ƙasa, ta hau kan sifana da ƙafa don hannunta ba shi da ƙarfin da. Ta sa katako a ƙarƙashin jak kada ya nutse a rairayi, ta ɗaga, ta cire tayar, ta jera notunan a cikin hularta. Da ƙusa ce, tana da kayan faci da famfo. Amma dutse ne ya yage gefen tayar, yagar da hannunta ke shiga. Irin wannan ba ta facuwa.

Ta tuna dabarar da Des ya taɓa yi suna da ƙuruciya. Ta yi ta tsige ciyawar nan mai tsini tana cusawa ta yagar, tana dannawa da ƙarfe, har yatsunta suka yi jini. Ta mayar da tayar, ta ɗaure, ta tayar da mota. Ta ɗan yi tafiya a hankali, ranta ya fara sanyi. Can sai ƙaurin roba, tayar ta zare gaba ɗaya, wili ya dafe a ƙasa.

Ta zauna a inuwar motar da gorar ruwa. Gida ya yi wa gwiwoyinta nisa, kuma a rana irin wannan mai hankali ba ya barin motarsa. Ta fara yi wa alkawarin kwaskwarima a zuciyarta. In mai wucewa ne ya tsaya ya ba ta safaya, ai wannan ba ɗaukowa ba ce, abin da kowa ke yi wa kowa ne. Ta zuba wa hanyar ido har inuwa ta yi tsawo. Sannan ta yarda da abin da ta riga ta sani. Hanyar nan gidanta kaɗai take zuwa, kuma tun bayan zaman makoki babu mai bin ta sai Clarrie mai motar wasiƙu, ranar Talata. Kaɗaici ya danne ta, irin wanda ko ranar jana'iza ba ta ji ba.

Da don ita kaɗai ce, da ta jira Talatar. Tana da fulawa, tana da gas. Amma kwamin ruwan tumaki yakan ƙafe in ba ta kunna injin rijiya da yamma ba, kuma tumaki ba su yi wa kowa alkawari ba. Ta shiga motar, ta ɗauki oba-oba, ta daɗe tana riƙe da shi kafin ta danna ta nemi a zo a ɗauke ta. Duk mai oba-oba a yankin yana jin abin da aka faɗa a ciki.

Clarrie ya iso kafin rana ta faɗi. Ya dubi ciyawar da ta warwatsu a hanya, ya dubi yatsunta, ya leƙa ƙarƙashin motar ya ga sarƙa tana lilo ba komai.

"Ke da ba kya rabo da safaya?"

"Ta tafi aski."

Ya sosa ƙeya. "Glenys, ba wanda zai ji daga bakina. In Narelle ta tambaya, na ce wucewa nake yi."

"Wucewa zuwa ina, Clarrie? Rabin ƙasar nan sun ji ni. Ko ba su ji ba, ni na ji."

Da bakinta ta faɗa wa Narelle. Maƙwabci ya sayi tumakin, aka rufe gidan. A Adelaide aka ba ta ɗaki mai tsabta, tagarsa na kallon katangar wasu. Bas ɗin tana bayan gida a ƙarƙashin tamfol, don surukinta ya ce tana ɓata ƙofar gida.

Wata Talata waya ta yi ƙara, Narelle ta miƙo mata. Clarrie ne. Ya ce yana tsaye a ƙofar shingenta, ya zo cire akwatin wasiƙu, sai ya tarar da tayar Des a jingine. Wani direban tirela ne ya sauke ta, bai san babu kowa a gidan ba.

"In kawo miki in na shigo birni?"

Glenys ta dubi katangar ta taga.

"Da iska a cikinta?"

Ta ji takunsa a kan tsakuwa, ta ji nishinsa da ya sunkuya.

"Tam take. Mai askin ya ƙara mata."

"To bar ta nan, wani zai iya buƙata," ta ce. "Amma ka matsar da ita inuwa, Clarrie. Des ba ya barin ta a rana."