Motar da Take Shan Kwana da Kanta

Tsohon nan da ake kira Giya-Biyar tun yana saurayi yake jan tirela, har ranar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo a hankali, hannun ne ya yi taurin kai. Autarsa, wadda take aikin jinya, ta ɗauko shi ya dawo gidanta. Likitan da ke gasa masa hannu ya ce a samo abin da zai riƙa motsa yatsu da shi. Shi ne jikarsa, 'yar Autar, budurwa mai karatun jami'a, ta jona masa na'urar wasanta a talabijin ɗin falo, ta ɗora masa rimot a cinya. Amarya yake ce mata, ita kuma Ango, irin wasan kaka da jika.

To, ku zo ku ji sharhi a bakin tsoho. Na ƙwallo aka fara sa masa. Ya ce 'yan wasan kamar ka taɓa su, har gumi suke yi, amma mai surutun nan magana ɗaya yake ta nanatawa kamar kwandastan da ya rasa fasinja. Na harbe-harbe ya yaba sautinsa, ya ce ko ta baya aka laɓaɓo za ka ji taku, sai dai kafin ya gano inda bakin bindigarsa ya dosa an riga an kashe shi, kuma shi bai ga abin da mutanen suka tsare masa ba. Na noma, wanda Auta ta fi so don ba ya tayar da jini, ya ce gonar da za ka shuka da safe ka girbe da rana ba a yi ta don wanda ya taɓa riƙe fartanya ba. Wani kuma mai dogon labari, na jarumi da takobi, ya kama shi sosai, amma sai a hana ka taɓa komai a yi ta zuba zance. In kallo zai yi, in ji shi, me ya kawo rimot hannunsa?

Na tseren mota ne ya shiga ransa. Ya ce wanda ya haɗa wannan ya taɓa zama a bayan sitiyari: in ana ruwa taya na santsi, in za ka hau tudu kukan inji na sauyawa. Aibinsa ɗaya, ka daki bango mota ta fito ko lotsawa babu.

Akwai wata hanya a ciki da take gangarowa daga tsauni, da muguwar kwana kafin gada. Babban yatsan hagu ne ke juya sitiyari, shi kuwa nasa sai ya ga dama yake amsawa. Kullum a nan yake zubawa rami. Sai ya yi ta huci, jijiyar wuya ta tashi, Auta ta ɗauko abin awon jini tana faɗa.

Uwa da 'ya suka haɗa baki. Ashe wasannin yanzu suna da wani wuri da ake kunna taimako, mota ta riƙa taka birki tana juya kanta. Jikar ta kunna a ɓoye. Washegari tsoho ya sha kwanar nan sumul, suka tafa masa, har ya buga wa abokansa na tasha waya ya ce hannu ya dawo.

Atishawa ce ta tona asiri. Wata rana da hantsi, yana shi kaɗai, ta kama shi daidai kwanar, yatsan ya zame daga sitiyari. Ya buɗe ido ya ga mota ta haye gada lafiya lau. Ya sake gwadawa, ya ajiye hannun hagun a cinya, totur kawai ya danne. Ta sake shanye kwanar.

Da yamma suka dawo suka tarar da shi zaune, talabijin a kashe. Bai amsa gaisuwa ba. Ya tambayi wa ke tuƙa motar. Jikar ta sunkuyar da kai. Auta ta ce ita ta sa, don lafiyarsa, ai wasa ne kawai, kuma in zai ci gaba da tayar wa kansa hankali za ta cire na'urar ta kulle a ɗakinta.

"Auta," ya ce, "hannuna ne ya mutu, ba ni ba. Ki bar ni in faɗa ramina."

Ta ce ba za ta bari ba. Ya ce to shi ke nan, ta kulle. Akwai shagon wasa a bakin titi, zai dogara sandarsa ya je ya zauna cikin samari, duk wanda ya tambaya ya ce masa a gidan 'yarsa riƙe masa sitiyari ake yi. Ya fara laluben takalmi da ƙafa. Auta ta san ubanta; ta san zai je.

Ta dubi 'yarta ta gyaɗa kai. Jikar ta karɓi rimot ta kashe taimakon, ta ce, "Ango, in ka faɗa ba ruwana da zaman takaba."

"Zauna dai ki ga tuƙi."

Auta ta zauna a hannun kujera, abin awon jini a cinyarta. Mota ta gangaro. Ya saki totur da wuri, ya taɓa birki, ya tura yatsan nan da duk ƙarfinsa har kafaɗarsa na rawa. Kan motar ya juya, ta ci rabin kwanar, bayanta ya goga ƙarfen gefe, ta wuntsila rami.

Tsoho ya share gumi da gefen rigarsa.

"Wannan faɗuwar tawa ce," ya ce.

Ya danna a sake farawa.