Garin da Babu Shanu

Mako uku Bahauddeen ya yi yana gina kogon nan a bayan tsohuwar kalanda, da jan biro da baƙi da rular da yake koya wa ɗalibai lissafi da ita a Islamiyyar babansa. Ƙofa bakwai ya yi wa kogon, kowace da tarkonta, a can ƙurya kuma ya ajiye dodo mai kai biyu, kai ɗaya na faɗin gaskiya ɗayan na ƙarya. Ya bi shafukan masu irin wannan wasa a waya har idonsa ya yi ja, ya tsinto dabara nan ya tsinto can, ya sauya musu kaya suka zama na gida. Shi kansa in ya kalli zanen sai ya ji kansa ya ɗan ƙara girma.

Wasan labari suke ce masa. Mutum ɗaya ke jan labarin, shi ne bakin mutanen gari da na dodanni, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da jarumin zai yi. In abin mai wuya ne, mai jan labari ya rubuta lamba a takarda ya kife, mai wasa ya zura hannu a gwangwanin madara ya zaro murfin lemo. Murafe ashirin ne a ciki, kowanne da lambarsa. In lambar ta kai wadda aka rubuta, an ci nasara. A Kano, inda Bahauddeen ya koyo wasan yana karatu, da ƙwayar ludo mai fuska ashirin ake yi. Ranar da ya zo da ita gida babansa Malam ya juya ta a tafin hannu sau ɗaya, ya ce wannan ta yi kama da kayan 'yan caca, shi ke nan zancenta ya mutu.

Mutum biyu ya saba ja wa labari duk Asabar bayan azahar a zauren gidansu da ke Birnin Kudu, kuma su biyun sun ishe shi ciwon kai. Abokinsa Hafiz ya riƙe jarumi mai takobi, amma duk ɗan fashin da aka kashe sai ya tsayar da wasa a nemo magadansa, wai kayan mamaci ba ganima ba ne. Ƙanwarsa Muhsina kuwa mai magani ce a wasan, ba ta wuce ko tsohuwa mai tallar daddawa ba ta tsaya gaisuwa ba, har da tambayar jikoki. Tafiyar da ya tsara ta minti goma sai ta cinye yini.

Wannan Asabar ɗin dai daban take, saboda Jafaru zai zo.

Jafaru ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, wanda ba sa haɗuwa a rabu ba a yi wa juna tsiya ba. Wata biyu da suka wuce aka kwance masa shanu goma sha ɗaya a gefen Farin Dutse, garken da ya tasa tun yana ɗan saurayi. Da gari ya waye ya ga sawu ya ɗauki sanda zai bi, babansa ya tare ƙofa ya ce in ya fita bai yafe ba, gara a rasa dabba da a rasa mutum. Jafaru ya ajiye sandar. Tun daga ranar ya koma ɗaki, ba kasuwa, ba majalisa, abinci ma sai an yi da gaske. Gwaggo Talatu, babar Jafaru, ce ta kira Bahauddeen a waya tana kuka, ta ce shi kaɗai ne Jafaru ba ya iya yi wa shiru, ya taimaka ya jawo shi cikin mutane ko da sau ɗaya a mako ne. Da ƙyar da zagi Jafaru ya yarda zai zo sau ɗaya ya ga shirmen. In ya tashi bai ce zai dawo ba, Bahauddeen ya san ɗakin nan zai sake haɗiye shi, kuma bai san me zai gaya wa Gwaggo ba.

Don haka ya yi abin da yake gani hikima ce. Ya bi labarin layi-layi ya cire duk wata saniya. Kasuwar shanun da ya zana a garin Tsamiya Bakwai ya mai da ita kasuwar tukwane. Mai tallar nono ya sauya mata kaya ta koma mai kunun tsamiya. Ko kirgin da sarkin garin ke zama a kai ya ɗauke ya shimfiɗa masa darduma. Ya ja wa Hafiz da Muhsina kunne, duk wanda ya ambaci saniya zai sa dodo ya fara cinye shi.

Jafaru ya iso a kan babur, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Ya zauna gefen tabarma ya jingina da bango.

“Kai ne mafarauci,” in ji Bahauddeen yana miƙa masa takarda. “Kana da baka da kwari, kuma ka iya bin sawu. Na zaɓa maka wanda ba ya bukatar ƙwaƙwalwa sosai.”

Da can Jafaru zai rama da uku. Yau cewa kawai ya yi, “To.”

Bahauddeen ya haɗiye abin ya fara. Ya sa murya irin ta tsoho, ya kawo su garin Tsamiya Bakwai ranar kasuwa, ga gonaki sun sha huɗa har gindin dutse, ga sarki yana neman jaruman da za su shiga kogo. Ƙofar kogon na nan arewa da gari, tafiyar rabin yini. Ya faɗi arewa sau uku don kowa ya ji.

Muhsina ta ce za ta gaida mai kunu. Hafiz ya ce yana son sanin ko ladan da sarki ya yi alkawari daga baitulmali zai fito ko daga aljihunsa. Bahauddeen ya danne zuciya ya amsa musu, yana satar kallon Jafaru, wanda ya zuba wa taswirar garin ido. Zafin bazara ya cika zauren, gumi na bin bayan Bahauddeen, an ci kusan awa ba wanda ya taka ko ƙofar gari.

Can Jafaru ya sa yatsa a kan taswirar.

“Ka ce gonakin nan sun sha huɗa har gindin dutse?”

“Eh. To, hanyar arewa…”

“Da me suka yi huɗar?”

Bahauddeen ya ce, “Da hannu. Mutanen garin ƙarfafa ne.”

“Duk wannan filin da hannu? Taki fa, daga ina?”

“Ƙasar ce mai kyau.”

“Ga burtali ka zana nan,” in ji Jafaru, yana bin wani layi da ya ratsa gonakin ya gangara rafi. “Wa ke bin sa?”

Bahauddeen ya duba. Ya goge kasuwa, ya goge mai nono, ya manta da hanyar da ya bar wa shanu tsakanin gonaki tun zanen farko, don hannunsa ne ya zana ta ba tare da ya yi shawara da kansa ba.

“Hanyar 'yan ɗiban ruwa ce.”

“Mai faɗin haka? Malam Baha, ko mutanen da da suka zauna a duwatsun garin nan naku, da suka tashi zane a jikin dutse shanu suka zana. Kai ka yi gari guda da sarki da kasuwa babu ko maraƙi. Ina shanun garin nan?”

Hafiz ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba. Muhsina ta kama ƙirga murafen lemo. Bahauddeen kuwa haushi ya turnuƙe shi, haushin mako uku na aiki, da na ƙofa bakwai da ba wanda ya ko tambaya, da na wannan ƙaton da ake lallaɓawa kamar ƙwai shi kuma yana tona abin da aka binne don shi. Bakinsa ya riga hankalinsa.

“An kwashe su! Shekaranjiya aka kwashe su, ka ji daɗi? Yanzu za mu tafi kogon ko kuwa?”

Muhsina ta harare shi harara irin ta babarsu. Shi kansa ji ya yi kamar ya tashi ya bar musu gidan. Yana jira Jafaru ya miƙe ya nemi makullin babur.

Jafaru ya janye bayansa daga bango ya matso.

“Guda nawa?”

“Ba… ba a ƙirga ba.”

“Babu mai shanun da bai san adadin shanunsa ba. Mafaraucina zai je turken. Me na gani a ƙasa?”

Bahauddeen ya duba takardunsa. Shafi tara ne, akwai sunan kowane tarko da abin da kowane kan dodo zai faɗa, babu kalma ɗaya a kan turke. Ɗan malam ne, girman zaure da allo, abin da ya sani game da saniya bai wuce nono da nama ba.

“Ka ga sawu,” ya ce. “Sawun… shanu. Sun yi arewa, wajen kogo.”

“Ba za su yi arewa ba. Dutse ne can, kofato zai fashe, kuma babu ruwa. Wanda ya kora garke rafi zai bi, ya sa su cikin ruwan don sawu ya ɓace. Kashin da na gani, ya bushe ko da saura?”

“Ina zan sani, Jafaru? Kashin shanu na zauna na tsara?”

“Kai ne mai garin.”

“Ya bushe!”

“A sama ko har ciki? Na sa sanda na tona.”

Haka aka ci gaba. Bahauddeen na ƙirƙiro amsa, Jafaru na gyara masa ita. Ya ce akwai sawun maraƙi, Jafaru ya ce to uwar za ta riƙa waiwaye tana jan garken baya, ba su yi nisa ba. Hafiz ya manta da baitulmali ya zare takobi ya bi bayan mafarauci. Muhsina ta gaida wani mai su da ke kamun kifi a bakin rafi, gaisuwar tata ta yi rana karo na farko, don Bahauddeen ya rasa abin da zai sa a bakin mai sun sai cewa ya ji kukan shanu ta wajen yamma da asuba. Kowane taku nesa da kogo yake kai su. Kalandar na gefe a naɗe, Bahauddeen na kallon ta yana jin kamar ya yi ihu.

Bai lura da lokacin da shanun suka zama goma sha ɗaya ba. Ba shi ya faɗa ba. Jafaru ne ya ce akwai wata mai farin goshi, Wule, ita ke gaba kullum, in aka same ta an sami sauran. Akwai mai guntun ƙaho da ba ta yarda baƙo ya taɓa ta. Akwai karsana mai ciki wadda ya kamata a ce ta haihu yanzu. Yana ta faɗa bai tsaya ba, kuma rabon da a ji ya yi magana mai tsawon haka tun kafin abin ya faru.

Bayan sun dawo daga sallar la'asar labarin ya kai su inda rafi ya rabu biyu, sawu ya shiga ruwa bai fito ba. Nan dole a zaro murfi. Bahauddeen ya rubuta goma sha biyu ya kife takardar. Jafaru ya zura hannu a gwangwanin, ya daɗe yana juyawa, ya zaro ya ajiye a tabarma.

Huɗu.

Bahauddeen ya dafe takardar da tafin hannu. Ba wanda ya ga abin da ya rubuta. Tausayi ya kama shi, ga muryar Gwaggo Talatu a kunnensa. Mutumin nan an hana shi bin sawu a gaske, yanzu kuma murfin lemo zai hana shi a wasa?

“Ya isa,” ya ce da sauri. “Ka hango su can ƙarƙashin…”

“Ɗaga hannunka.”

“Na ce ya isa. Ni ke jan labarin.”

“Baha, wata biyu ke nan kowa na yi min magana kamar mai jinya. Kai ma ka share shanu daga duniya don kada in gani, ka ɗauka ban gane ba? Ɗaga hannunka.”

Ya ɗaga. Jafaru ya juya takardar ya ga lambar, ya gyaɗa kai a hankali.

“To sawu ya ɓace mana,” ya ce. Ya kalli inda rafin ya rabu a taswirar. “Mu kwana nan bakin ruwa. Da safe mu raba, Hafiz ya bi hagu, ni in bi dama. Dole su fito wani wuri su ci ciyawa.”

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, don yana son ya wuce Gwaram a hanyarsa ta gida kafin magariba. Bahauddeen ya raka shi waje riƙe da kalandar da ba a ko warware ba, ransa a jagule, bai san ko ya gyara ba ne ko ya ƙarasa ɓatawa.

“Kogon fa?” ya ce, don ya rasa abin cewa. “Ƙofa bakwai, Jafaru. Mako uku na yi.”

“Dodonka ya ci saniya?”

“A'a.”

“To ya jira.” Jafaru ya hau babur ya taka shi. “Kuma kafin Asabar ka zo Farin Dutse in nuna maka yadda kashin shanu ke bushewa. Jan labarinka akwai jahilci a ciki, abin kunya ɗan malam guda.”

Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace Bahauddeen ya gane an zage shi, kuma an ce Asabar. Ya koma zaure ya cusa kalandar a bayan buhun gero, ya yago sabuwar takarda ya rubuta Wule a sama. Ya zauna yana cizon biro, ya rasa ta inda ake zana saniya.