Ranar Cikin Hoto

Ƙarfe huɗu na marece ne, tsakiyar bazara, rana ta karkata amma ba ta huce ba. Ko ganye ba ya motsi. Rashidu ya tsayar da moto a ƙofar sabon gidan nan na Kalfu, ya zaro talho zai ɗauki hoto. Shi ya zana gidan a ɗan bironsa, ofishinsa na zanen gidaje a Tawa, yau ne kuma ya fara ganin shi a tsaye.

Bai ɗauki hoton ba. Can a baranda ya hangi Inna Zaliha, tsohuwar da aka yi ginin dominta, ta takure bayan ginshiƙi, inda inuwar ba ta fi faɗin faifai ba. Rana ta cika barandar fal. A gefe kuma ga kututturen kurna, an sare daidai gwiwa.

Wata takwas ke nan da farin abin. Ran nan abokinsa Ezekiyel, malami a makarantar koyon sana'a, ya shigo biro yana kaɗa ɗan kile, abin nan na ajiye bayanan kwamfuta, a yatsa.

"Kai har yanzu kwalaye kake gwada ma mutane ka ce musu gida ne?" in ji shi. "Ga pilagin na kawo maka, ƙari ne ga manhajarka. Ka liƙa shi cikin lojisiyel ɗin nan na ordinatar da kake zane da shi, gida shi hito kamar an gina an ɗauke shi hoto. Rana, inuwa, har ƙyallin gilashi."

"In ya ƙone mini ordinatar, kai da ita."

"Wagga tsohuwa? Ai ko ta mutu ta ci zamaninta."

Suka zauna saka shi. Sau biyu kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa suna sake farawa, kwamfutar ta yi zafi kamar tandar masa. Da abin ya kama hanya, sai tagogi suka riƙa buɗewa a fuskar na'urar ɗaya bayan ɗaya, kowace da tambayarta, Rashidu kuwa ba ya ko karantawa, dannawa kawai yake yi. Wata taga ta fito da taswirar duniya, da ɗan jan ɗigo can sama nesa.

"Dakata," Ezekiyel ya ce, "nan wurin yana so ka gaya mishi..."

"Malam, darasi sai lakkwal. Bari mu ga gida."

Ya danna, tagar ta wuce. Ezekiyel ya ɗaga kafaɗa, ya tashi ya tafi ɗauko 'ya'yansa.

Aikin da ke hannun Rashidu lokacin na Manzo ne, ɗan Inna Zaliha, da ke fatauci a Abijan. Ɗaki biyu da baranda yake son yi wa uwarsa. Sai dai filin ƙarami ne, kurna kuma tana tsaye daidai inda barandar za ta zauna. Inna ta ce ko kusa. A gindin kurnar nan ta tarar da uwar mijinta, a nan take wuni, a nan maƙwabta ke iske ta da la'asar.

Rashidu ya danna wurin da ke fitar da hoto. Kusan awa guda na'urar tana nishi, hoton yana saukowa layi-layi, har ya cika. Shi kansa sai da ya riƙe baki. Ga gida fes, ga baranda kwance cikin inuwa mai duhu, mai sanyi, har mutum ya ji kamar ya shimfiɗa tabarma. Ya aika wa Manzo.

"Kai mata shi hannu da hannu," Manzo ya ce a talho. "In ta ga wannan, magana ta ƙare."

Ya buga shi a takarda mai ƙyalli ya kai Kalfu. Inna Zaliha ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta daɗe tana dubawa.

"Wanga wane lokaci ne, ɗana?"

"La'asar ce, Inna. Na rubuta ma na'urar ƙarhe huɗu."

Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta sake duban takarda.

"To ranar ga ta cikin hoto, ranarmu ce?"

Rashidu ya yi dariya. Dariyar nan ce har yau take ci masa rai.

"Haba Inna, ai rana guda ce a duniya."

"To," ta ce. "Ku kuka yi boko."

Bayan kwana uku aka sare kurna.

Yanzu da yake tsaye riƙe da talho, ba sai wani ya gaya masa ba. Taswirar nan ta dawo masa, da jan ɗigonta. Bai taɓa gaya wa na'urar inda Kalfu take ba, bai nuna mata gabas ba, bai nuna mata yamma ba. Ita kuwa ta ɗauko ranar wata ƙasa ta ajiye ta bayan ginin. Barandar gaske yamma take kallo.

Ya ƙarasa ya durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

"Lahiya lau. Wane ne?" Ta kare ido da tafin hannu. "Af, mai rana guda."

"Inna, laihina ne. Akwai wurin da anka tambaye ni, ban tsaya na..."

"Manzo ya kira jiya," ta katse shi. "Ya ce gida ya yi kyau? Na ce ya yi. Ban yi ƙarya ba, da sahe yana da kyau." Ta jawo tiren zogalen da take tsincewa. "Kada ka hwaɗa mishi. Yaro ya sha wuya kahin ya tara."

"Maƙwabta fa? Suna zuwa?"

"Su zo su soyu? Suna can gindin iccen bedin maƙwabciyata Rakia."

Ba faɗa a muryarta, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ya so ya ce zai kawo dashe, sai ya dubi kututturen, ya dubi furfurarta, ya haɗiye maganar.

A bayan ɗaki magina sun bar zana biyu da suka rufe siminti da su. Ya kakkaɓe su, ya kwance igiyar da yake ɗaure kaya a moto, ya taka bulo ya ɗaure zanar tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Ta karkace, ta rufe rabin fuskar gidan da ya zo ɗauka hoto. Inuwa mai rabe-rabe ta sauka a kan siminti.

Inna Zaliha ba ta ɗago ba. Ta ja tabarmarta zuwa tsakiya, ta miƙe ƙafafu, ta ci gaba da tsince zogale.

Rashidu ya mayar da talho aljihu, ya tura moto har bakin hanya kafin ya tayar.