Rubutun Baba Rustam

Ina tankaɗe garin jar dawar nan ta taimako sai na ji sallamar mai unguwa a bakin zaure. Shi mai unguwar, Maman Lawali, bai taɓa zuwa gidanmu da hantsi ba. Na yafa zane na fito, na iske shi yana ta waige-waige.

Ya tambayi mijina Hamidu. Na ce yana Jiratawa wajen injin ban ruwa, sai magariba. Sai ya rage murya.

"Atika, jandarmomi za su zo wajen baƙonku bayan azahar. An kai musu labari yana da takardun da ko liman bai iya karantawa. In aka iske su, mai gida za a ɗauka. Ni ban zo ba, ba ki gan ni ba."

Ni dama ba jaruma ba ce, ƙadangare ya faɗo daga katanga sai na yi salati. Balle shekarar nan, gero ya ƙi, an rufe iyaka, soja kuma tun da aka yi yunƙurin kifar da su duk farar fata mai jin Larabci ɗan Libiya ne a wurinsu. A Tsibiri, garin iyayena, an ɗauki wani tela saboda wasiƙa guda da ƙanensa ya aiko masa daga can. Wata biyar ke nan, matarsa ko inda za ta kai masa tuwo ba ta sani ba.

Baƙon namu kuwa Baba Rustam ne, tsoho mai gyaran agogo da rediyo, wanda ya shekara talatin da wani abu a ɗakin da ke jikin zaurenmu. Surukina ya haɗu da shi a Makka, yaƙi ya koro shi daga ƙasarsu, suka biyo ta Sudan tare har Maraɗi. Da surukina ya rasu Hamidu ya gaji baƙon, har da sa hannu a kumsariya, ofishin 'yan sanda, cewa shi ne mai masaukinsa.

Duk unguwa Balarabe ake ce masa, shi kuma ba abin da ke ɓata masa rai kamar wannan. In na kai masa fura sai ya zaunar da ni ya sake yi mini lissafi da yatsu. Ya ce ƙauyensu a kan duwatsu yake, wajen da ake kira Hawraman, tsakanin Iraƙi da Iran. A masallaci Larabci, in suka gangara kasuwar Kirkuk Turkanci, in suka ƙetara dutsen ta ɗaya gefen Farisanci, da maƙwabta Kurdanci. Amma a gindin murhun uwarsa, Gorani. Ya ce harshensu kamar zaure ne, duk baƙon da ya kwana sai ya manta takalmi. Na ce ashe dai harshen naku ɓarawo ne, Baba. Ya ce to lakwal da kuke ce wa makarantar boko, da jandarma, kakarki ce ta haife su? Haka muke da shi.

Takardun na san su sarai. Suna cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, naɗe da tsumma kore. Waƙoƙin uwarsa ne da baitocin da tsofaffin ƙauyensu ke rerawa, shekara da shekaru yana tunowa yana rubutawa da tawadar malamai da alƙalamin kara. Malam Idirisa, limaminmu, ya taɓa dubawa. Ya ce baƙaƙen namu ne, ga Allah, ga duniya, ga sabr, amma sauran ba Larabci ba ne, har akwai baƙaƙe masu ɗigo uku da bai taɓa gani a allo ba. Malam zai tafi hajji a shekarar, ya yi wa Baba alkawari zai bi tantunan mutanen Iraƙi yana tambaya har ya samu ɗan Hawraman ya damƙa masa takardun. Tun da aka yi alkawarin nan Baba yake ƙirga kwanakin watan aikin hajji.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Kwana takwas kafin zuwan mai unguwa ya faɗi a kan teburinsa, ɓarin jikinsa ya mutu. Hausa ce ta fara zubewa daga bakinsa, bayan kwana biyu Larabcin ma ya bi ta. Ya koma yana magana da harshen da duk faɗin Maraɗi ba mai ji. Kalma ɗaya na sani a ciki, awi, wato ruwa, don ita yake ta maimaitawa.

Na shiga ɗakin, idonsa a rufe. Na jawo akwatin, na kwashe takardun, na mayar da akwatin inda yake. Na tsaya tsakar gida da su a ƙirji ban san inda zan nufa ba. In na binne, an ce har daɓen ɗaki suka fasa a gidan telan nan. In na kai maƙwabta, wa zai karɓi wuta a hannuna? Ga murhu yana ci, amma ni ɗiyar malam ce. A gidanmu ko guntun takarda mai baƙin Alƙur'ani aka gani a ƙasa ɗauka ake yi a soke a zana. Na kai hannu wajen wutar sau biyu, ina hango sunan Allah a saman shafi, hannun ya ƙi.

Abin da na taso ina gani ana yi wa rubutu shi ne wankewa. Na ɗauko ƙwarya, na tsiyayo ruwan da ya rage a randa, wanda na yi layin awa uku a famfo kafin in samu. Na fara tsoma takardun ɗaya bayan ɗaya ina murzawa da yatsa. Tawadar malamai ba ta gardama, da ta ji ruwa sai ta saki. Ina wankewa ina kuka, ina ce wa kaina ai magani nake haɗa masa, tun da ba shi da lafiya. Ƙarya nake yi, kuma na sani. Hamidu nake gani a bayan motar nan ta jandarma mai rufin tamfol.

Kafin ladan ya kira azahar na gama. Jiƙaƙƙun takardun na cusa su ƙarƙashin tabarmata. Saura ruwan, baƙi ƙirin a ƙwarya. Shi ma ba a zubar da shi a ƙasa, ruwan da ya taɓa sunan Allah sai ciki.

Na koma ɗakin Baba da ƙwaryar. Ya farka, leɓensa duk ya bushe.

"Awi," ya ce.

Na tallafi kansa. Ya dubi ruwan, ya shinshina. Mutumin da ya shekara talatin yana dama tawadar nan ai ya san warinta. Ya juya ido a hankali zuwa ƙarƙashin gado, ya dawo da shi kan yatsuna da suka yi baƙi har farce. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Baba, jandarma," na ce. "Hamidu za su ɗauka. Ka yahe mini."

Ban sani ba ko ya gane. Ya daɗe yana kallona, hawaye na bin gefen fuskarsa mai rai. Ya yi wata doguwar magana a harshensu, ba da faɗa ba, kamar mai rarrashin yaro. Sannan ya kafa baki ya kurɓa sau uku. Ya sa hannunsa mai motsi ya turo ƙwaryar wajena, bai saki ba sai da na kai ta baki. Na shanye sauran, da ɗacin gawayi da ƙaron duka.

Jandarmomi biyu suka zo, da mai unguwa a bayansu yana sunkuyar da kai. Na raɓe jikin ƙofa. Babban ya leƙa ɗakin, ya ga tsoho kwance baki a karkace, ya toshe hanci. Ya tambaye shi sunansa da Faransanci, Baba bai ko dube shi ba. Ya nemi katin zama, na miƙa, ya juya gaba da baya ya mayar mini. Suka kwashi rediyo uku na mutane da ke kan tebur suka sa a mota. Ƙaramin har takalminsa ya daki akwatin ƙarfen, ya yi ƙara. Ba wanda ya sunkuya ya buɗe shi.

Baba ya cika kafin la'asar sakaliya, Hamidu bai ma dawo ba. Bayan ruwan nan bai ƙara cewa komai ba.

Ran addu'ar uku Malam Idirisa ya aiko a ba shi amanar da zai tafi da ita Makka. Hamidu ya jawo akwatin ya buɗe, ya ga tsumma kore kawai, ya ɗago ya dube ni. Na shiga ɗaki na ɗage tabarma na kwaso su, sun manne da juna, har sun fara wari. Na fito tsakar gida na riƙa ɓamɓare su a hankali ina shimfiɗawa a rana, ɗari da goma sha huɗu, duk toka-toka, ba baƙi ko ɗaya. Iska ta fara ɗaga su, sai na bi ina ɗora wa kowace ɗan dutse.